Rhoda Zakka da Jerin 'Yan Dole

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe Rhoda Zakka take isa ofis a Gumel, kuma shekara shida ke nan ba wanda ya taɓa riganta buɗe taga. Ba ta taɓa kwamfuta sai ta leƙa janareta ta ga ko da mai, ta duba ruwan batir, sannan ta yaye tsohon zanin atamfar da take lulluɓe na'urar da shi, ta goge gilashin da tsumma. In ta kunna ba ta zama. Tsayawa take yi da hannu a ƙugu tana bin layukan da ke wucewa a baƙin gilashin, leɓenta na motsi, kamar uwar da ke ƙirga 'ya'yanta a tashar mota. Sai ta tabbatar kowace manhaja ta tashi sannan ta ja kujera ta buɗe filas ɗin shayinta. Wanda ya gaishe ta kafin nan hannu kawai take ɗaga masa, mutane kuwa sun daɗe da daina jin haushi.

Wannan na Litinin da Juma'a ke nan. Talata tana Sule Tankarkar, Laraba tana Gagarawa, Alhamis kuma Maigatari, inda sai ta yi ta kutsawa tsakanin manyan motoci da baburan 'yan kasuwa kafin ta kai ƙofar ofis. In motar aiki tana da mai, direba Hamma ya kai ta. In babu, ta shiga ta haya da gwangwanin biskit a cinya, cike da faya-fayan kwamfuta naɗe cikin tawul. Kwandastoci da yawa sun sha tsammanin abinci ne a ciki, sun kuma sha kunya.

A ƙarshen wannan wata na Disambar 1999 wannan baiwar Allah za ta ajiye aiki bayan shekara talatin, shi ya sa ya kamata a faɗi ko wace ce ita tun tana ji da kunnenta. Mutuniyar Kagoro ce. Aure ya kawo ta Gumel, ta biyo mijinta marigayi Zakka wanda ya koyar da lissafi a nan, kuma ko bayan rasuwarsa ba ta koma ba. Rabin garin ma bai san sunanta Rhoda ba, Maman Dinah aka sani. Ta yi shekara ashirin da huɗu tana buga tafireta. A 1993 wata ƙaramar ƙungiya da ke kula da rijiyoyin burtsatse a yankunan nan huɗu ta sami kyautar kwamfutoci huɗu, aka rasa wanda zai riƙe su. Maza suka yi ta zagaya su suna taɓa kwali. Ita kuwa, mace mai jika, ta nemi a tura ta Kano kwas na mako shida, ta dawo da littafin rubutu uku cike taf da kuma ciwon kai.

Aikin na'urorin ba shi da wuyar faɗa. Kowace rijiya tana da lamba. In famfo ya lalace mai unguwa ya aiko, akawun yankin ya shigar da lambar rijiyar da abin da ya same ta, takarda ta fita zuwa Gumel, motar makanikai ta tashi da kayan gyara. In lamba ɗaya ta karkace, motar ta nufi wani ƙauye daban, mutanen da suka aiko kuma su ci gaba da jira.

Na'urorin tsofaffi ne, sun gama wahala a wata ƙasa kafin su zo nan su ƙarasa. Ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce. Akwai babbar manhaja da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, akwai kuma ƙanana da ke tashi tare da ita su zauna a ƙwaƙwalwa har a kashe. Duk wadda ta zauna sai ta ci wuri, wurin kuwa bai fi ɗakin gwauro ba. Saboda haka dole a sami wanda zai ce wannan ta zauna, wannan ta fita, kuma wannan aikin da ba wanda yake gode wa mai yinsa shi ya faɗa kan Rhoda.

Ta raba takarda gida biyu. A dama ta rubuta "'yan dole", a hagu ta rubuta "in da hali". 'Yan dole su ne manhajar da ke tayar da na'ura, da mai gyara faifai in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da mai kama ƙwayar cutar kwamfuta, da mai magana da injin buga takarda. Su take kullewa yadda ko da gangan akawu ba zai iya goge su ba. Ma'auninta guda ne. Takan tambayi kanta: in aka cire wannan, akawu shi kaɗai a Gagarawa, ba waya, ba Rhoda, zai iya gama aikin ranar? In zai iya, to manhajar ta koma hagu komai kyanta. Ta kuma kafa doka cewa na'urorin huɗu su zama iri ɗaya sak, domin in ta Maigatari ta mutu a ɗauki ta Gumel a kai, akawu ya zauna ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Wannan jerin ya jawo mata baƙin jini ba kaɗan ba. Shugaban shirin, Alhaji Abdulmuttalib, mutumin kirki ne amma yana son abu mai ƙyalli. Ya taɓa dawowa daga Kaduna da faifan wasan karta a aljihu, ya ce a sa masa don baƙi. Rhoda ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rubuta shi a layi na ƙarshe a ɓangaren hagu. Har yau halin bai samu ba. Alhaji ya yi fushi na kwana biyu, daga baya kuma shi da kansa yake ba mutane labarin yana dariya.

Abu ɗaya ne a cikin 'yan dolen da kowa yake ƙauna, shi ne wanda ita da kanta ta rubuta. Ta kwashe wata biyar tana haɗa wata 'yar manhaja da ta sa wa suna Zaure. Da an kunna na'ura sai Zaure ta fito da Hausa tsantsa: danna ɗaya ka shigar da sabuwar rijiya, danna biyu ka kai ƙarar famfo, danna uku ka buga takarda. Akawu ba ya bukatar haddace umarnin Turanci ko ɗaya. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta R. Zakka, 1994. Duk baƙon da ya zo sai Alhaji ya ja shi gaban na'ura ya nuna masa, har ya rubuta wa hedkwata cewa in za a naɗa shugaban sashen kwamfuta na shirin duka, ga wadda ta dace. Ba za mu ɓoye ba, Maman Dinah tana alfahari da Zaure, tana kuma son wannan kujera.

A ƙarshen 1996 hedkwata ta aiko da sabuwar manhajar ajiye bayanan rijiyoyi. Ta fi tsohuwar kyau, ta kuma fi ta ci. Sai an rage wani abu a ƙwaƙwalwa kafin ta yarda ta tashi. Rhoda ta bi jerinta sama da ƙasa, idonta ya faɗa kan wata 'yar manhaja da ta zo tare da na'urorin tun farko, wadda in ka danna maɓalli biyu haruffan gilashi su kumbura su ninka uku. Ba ta taɓa ganin kowa ya yi amfani da ita ba. Ta auna ta da ma'auninta, ta ga akawu zai iya gama aikinsa ba tare da ita ba, ta cire ta daga na'urori huɗun a mako guda. Ba ta tambayi kowa ba.

Akawun Sule Tankarkar a lokacin shi ne Malam Cindo, dattijo mai shekara talatin da uku a bakin aiki, saura biyu ya huta. Mutum ne da ake misali da tsabtar aikinsa, wanda in ya ce rijiya kaza ce, ba a sake dubawa. Sai ga shi a cikin wata huɗu ya aika motar makanikai ƙauyen da ba shi ba har sau uku. Na ukun ne ya yi muni. Ya shigar da tamanin da takwas maimakon sittin da takwas, makanikai suka je suka tarar da famfo lafiya lau suka koma, mutanen rijiya ta sittin da takwas kuwa suka yi kwana goma sha tara a tsakiyar bazara matansu na tafiya mai nisa neman ruwa. Alhaji Abdulmuttalib ya ba shi takardar gargaɗi, ya kuma gaya masa baki da baki cewa kuskure ɗaya ya rage. In ya sake, za a sallame shi, ba sallamar girma ba. Alhaji bai yi zalunci ba, ƙishirwar ƙauye guda ba abin wasa ba ce. A ofis kuwa aka fara raɗe-raɗin cewa Malam ya tsufa, hankalinsa ya koma gona.

Rhoda ba ta yarda da wannan magana ba, amma ba ta da hujja. Wata Talata ta isa Sule Tankarkar ta ɗauko tsumma za ta goge gilashin na'urar kamar kullum, sai ta ga wani tabon maiƙo a tsakiyarsa, da wani ɗan layi a samansa. Ta goge. Talatar da ta biyo baya ta sake tarar da shi a daidai wurin. Ta tsaya tana kallo, sannan ta sunkuya a hankali ta kai fuskarta kusa, sai ta ga hancinta ya sauka daidai kan tabon, layin kuma ya zo inda bakin hula zai taɓa. Ta buɗe fayil ta duba ranakun kurakuran uku, ta tarar dukansu sun zo ne bayan makon da ta cire mai kumbura haruffa.

Ta jira har Malam Cindo ya dawo daga sallar azahar, suka gaisa, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, tana kallon faya-fayanta ba shi ba, "Malam, akwai wata 'yar manhaja da na cire bara, mai ƙara wa haruffa girma. Ko ka taɓa lura da ita?"

Ya daɗe yana gyara takardun da ba sa bukatar gyara. "Nakan gan ta," in ji shi. "Amma Madam, ke kika san abin da ya dace da na'urarki."

A hanyar komawa ta yi wa Hamma wata tambaya a kaikaice, shi kuma ya ce ai ya lura Malam ya jingine kekensa tun kaka, kuma yanzu sai ka yi magana yake sanin kai ne. Nan Rhoda ta tabbatar idon Malam Cindo ne ya yi rauni. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ta jawo. Dattijon yana da dabararsa, yana danna maɓallansa biyu in ba kowa a ɗakin, yana aikinsa lafiya, ita ta zo da jerinta ta ƙwace masa.

Gyaran a ido mai sauƙi ne, a mayar masa da manhajar a tasa na'urar. Amma dokar da ita ta kafa ta ce na'urori huɗu iri ɗaya ne, kuma ranar da aka ga ta Sule Tankarkar ta bambanta sai an tambayi dalili. Dalilin kuwa shi ne abin da Malam Cindo yake ɓoyewa, don ya san in aka ce akawu ba ya gani, ba gargaɗi za a ba shi ba, gida za a tura shi. Hanya ɗaya ta rage, manhajar ta koma cikin 'yan dole a ko'ina. Ta zauna da fensir ta lissafa wurin da ke ƙwaƙwalwa, ta juya ta sake juyawa kwana uku. Mai gyara faifai ba ta ciruwa a ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini. Mai kama ƙwayar cuta ba ta ciruwa. Abu ɗaya ne kawai girmansa ya kai ya ba da wuri, shi ne Zaure.

A taron ƙarshen wata, gaban Alhaji da akawuna huɗu, ta miƙe ta karanta sabon jeri. Da ta zo inda Zaure ta koma hagu, ɗakin ya ɗauki hayaniya. Bilkis, akawun Maigatari, ta ce ita ba za ta koma haddar umarni kamar 'yar firamare ba, ranar kasuwa ma da ƙyar take samun lokacin shan ruwa. Alhaji ya cire tabarau ya tambaye ta ko lafiya, wane ne a cikinsu ya ce yana bukatar manyan haruffa. Rhoda ta kawo hujjar hasken taga da ke kashe gilashi, ta kawo ta cewa lambobi masu kama da juna sun fi rabuwa in sun yi girma. Alhaji ya ce duk ya ji, amma shi suna yake so, wa ya kawo kuka. Malam Cindo yana zaune a ƙarshen benci yana kallon takalmansa.

"Ranka ya daɗe, ni ce," in ji Rhoda. "Idona ba na da ba ne. Ni nake duba na'urorin nan huɗu, kuma in ban ga lamba da kyau ba, ban ga amfanin sunana a ƙasan gilashi ba."

Ba ƙarya ta yi ba, ta haura hamsin, tabarau ne a fuskarta. Amma duk wanda ya taɓa ganinta tana zura zare a allura ya san ba gaskiyar duka ta faɗa ba. Alhaji ya dube ta da tausayi, ya ce to shi ke nan, a yi yadda ta ce. Bayan mako biyu ya sake rubuta wa hedkwata. Ba da mugunta ba, a ganinsa bai kamata a ɗora wa mai fama da ido nauyin sashe guda ba. Kujerar ta tafi ga wani injiniya daga Dutse, Rhoda kuwa ta ji zafin abin ƙwarai, har 'yarta Dinah ta ce ta yi kwana biyu ba ta cin abincin kirki.

Duk da haka Talata ta yi mata a Sule Tankarkar. Ta sayi kwali da alƙalami mai kauri, ta rubuta umarni shida da suka maye gurbin Zaure da haruffa manya-manya, ta manna a bangon kowane ofis. Ta yi wata biyu tana zagaye tana zama da kowane akawu har hannunsa ya saba. Ta saita na'urorin yadda haruffa za su fito da girmansu tun daga kunnawa, ba sai wani ya danna komai ba, don kada a ga wanda ya danna. Bilkis ta yi wata guda tana amsa mata gaisuwa da ka. Daga Sule Tankarkar kuwa ba a sake samun lamba ko ɗaya da ta karkace ba. Damina ta sauka, aka manta da takardar gargaɗi, kuma a 1998 Malam Cindo ya cika shekarunsa ya ajiye aiki, aka yi masa walima da kyautar agogon bango.

Tun daga nan Rhoda ta sauya yadda take aiki. Ba ta sake cire ko da ƙaramar manhaja ba sai ta je ta wuni a kowane ofis tana kallon yadda akawu ke taɓa na'ura. Takan ce ma'auninta na da yana da rami, domin ta riƙa tambayar ko akawu zai iya, ba ta tambayi wane akawu ba.

Da ba don makon jiya ba, da wannan labari bai fito ba. An shirya mata 'yar liyafar ban kwana a harabar ofis da la'asar, ana ta jawabai irin na a yi a tashi, sai Malam Cindo ya nemi izini. An yi masa aikin yanar ido a Kano bara, yanzu garau yake gani, da kekensa ma ya zo. Ya ba da labarin tun daga tabon gilashi, bai rage komai ba. Ya ce likita ya gaya masa a lokacin sai yanar ta nuna kafin a taɓa ta, shi kuma yana da 'ya'ya mata biyu a makaranta, ya rasa wanda zai gaya wa.

"Na san ta sani," ya ce. "Ita ma ta san na gane. Shekara biyu da rabi muna gaisawa, ba ta taɓa yi mini ko da kallon da zai tuna mini ba. Ranar taron nan ina zaune ta ɗauki ciwona ta ce nata ne, na kasa buɗe baki. Yau na buɗe."

Bilkis ta rufe fuska da gyale. Alhaji Abdulmuttalib ya juya ya dubi Rhoda, ya ce, "Haba Maman Dinah. Me ya hana ki gaya mini ni kaɗai? Da na sani ai da ban sake rubuta wa hedkwata ba."

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ke ce wannan, Rhoda 'yar Kagoro, uwar Dinah, mai jerin 'yan dole. Ke ce kika yi kuskure kika gane shi da kanki, ba ki jira an kama ki ba, kika biya da abin da kika fi so. Ke ce kika goge aikin wata biyar da hannunki don wani dattijo da ba danginku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, ya fita daga aiki da hularsa a kansa. Matan ƙauyukan da motar gyara ta riƙa isa gare su a kan lokaci ba su san sunanki ba, ba kuma za su sani ba. Mu da muka sani muna cewa mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi wa mutane.

Ku kuma da za ku gaji waɗannan na'urori, da sababbin da ake cewa suna tafe masu faɗin ƙwaƙwalwa, wata rana za a miƙa muku takarda a ce ku zaɓi abin da zai zauna da abin da zai fita. Kafin ku ja layi a kan wani abu don ba ku taɓa ganin mai amfani da shi ba, ku tashi ku shiga mota ku je ofishin da ya fi nisa, ku zauna kusa da wanda ya fi kowa shiru. Mai yiwuwa da wannan abin yake riƙe da aikinsa, kuma ba zai taɓa gaya muku ba.